Jinjina Ga Maginan Yammacin Zamfara

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, gidan manomi ba ya tsayuwa sai da hannun magini. Da kaka ta wuce, sai ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya a rana. Bango yakan taso da kauri daga tushe, yana sirancewa zuwa sama. Kaurin nan ne ke riƙe sanyin ɗaki a bazara. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ke ɗauke da rufin soro, indararo na zubar da ruwan damina. Rumbu kuwa kan duwatsu ake ɗora shi, don kada danshi ya taɓa gero da dawa. Magina, sannunku da aiki, Allah ya ƙara wa sana'arku albarka.