Mudu Biyu a Gidan Kallon Ƙwallo

A arewacin ƙasar Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Bichi zuwa Kunci da Makoɗa, gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. A ƙauyuka da yawa na wannan yanki akwai rumfa ta kwano ko ta zana, da bencina, da akwatin talabijin, da janareta, inda samari su ke biyan kuɗin shiga su kalli ƙwallon ƙafa. Wasan kansa minti 90 ne, amma gardamar da ta ke biyo bayansa ta kan kwana, ta wuni, ta bi mutane har gona da kasuwa. Idan kuwa gasar ƙasashe a ke yi, kamar ta Kofin Duniya ko ta Kofin Afirka, to, har dattawan da ba su shiga rumfar ba sai sun sa baki. Mafi yawan gardamar nan a kan abu biyu ta ke: fenariti, da ɗan wasan da ya faɗi ba a kayar da shi ba.

Fenariti, watau bugun daga kai sai mai tsaron gida, hukunci ne da aka shigar cikin dokokin wasan a shekara ta 1891. Idan ɗan wasa ya yi wa abokin karawa ƙeta, ko ya taɓa ƙwallo da hannu yadda doka ta hana, a cikin filin nan mai yadi 18 da ke gaban ragarsu, sai a ajiye ƙwallo nisan yadi 12 daga raga, mutum guda ya buga, ba mai tare shi sai mai tsaron gida. Galibi ƙwallon ya kan shiga. Da ya ke sau da yawa ci ɗaya ne ya ke raba wasa, fenariti abu ne mai tsada ƙwarai. Tsadar nan ita ta sa waɗansu 'yan wasa su ke nemansa ta hanyar banza. Da sun ji an shafe su, ko ma ba a shafe su ba, sai su zube ƙasa suna birgima, domin alƙalin wasa ya zaci an yi musu laifi.

Wannan hali baƙo ne ga wasannin da mutanen ƙasar nan suka gada. A fagen kokawa, wanda ya faɗi shi aka ci. A fagen dambe, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, sai ya fita yana jin kunya a gaban makaɗa da 'yan mata. Ba a taɓa jin ɗan damben da ya kwanta da gangan yana neman a tausaya masa ba. Ƙwallon ƙafa ne ya zo da wasan da faɗuwa ta ke jawo riba, kuma abin mamaki shi ne, jikokin 'yan kokawa su ne yanzu su ke tafa wa wanda ya iya faɗuwa.

Misalai suna da yawa, amma biyu sun isa. A gasar Kofin Duniya ta 2002, a wasan Birazil da Turkiyya, wani ɗan Turkiyya mai suna Hakan Unsal ya buga wa Rivaldo ƙwallo cikin fushi, ya same shi a ƙafa. Sai Rivaldo ya dafe fuska ya faɗi, kamar an fasa masa ido. Aka kori Unsal daga fili. Daga baya hukumar FIFA ta duba hoton, ta ci Rivaldo tara. A gasar 2014 kuma, a wasan Holan da Meksiko, Arjen Robben ya faɗi a gaban raga ana dab da tashi, aka ba Holan fenariti, suka ci 2 da 1, Meksiko ta koma gida. Robben da bakinsa ya amsa cewa ya yi faɗuwar ƙarya tun da farko a wasan, amma ya ce ta ƙarshen nan ta gaskiya ce. Ga sakamakon maƙaryaci ke nan: ko ranar da ya faɗi gaskiya, rabin duniya ba za ta yarda ba.

To, ba a kan 'yan wasa kaɗai laifin ya tsaya ba. Wanda ya zauna a gidan kallo ya saurara da kyau, zai gane cewa mafi yawan masu gardama ba abin da ya faru su ke aunawa ba, rigar wanda abin ya faru a kansa su ke dubawa. Idan ɗan ƙungiyarsu ne ya zube, sai su ce wayo ne, ya san aikinsa. Idan na wancan gefe ne, sai su ce ɓarawo ne, alƙali kuma an saye shi. Kowa ya san sunan mai awon da ya ke da mudu biyu a kasuwa, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ba mai yarda ya kai masa gero. Amma mai irin wannan mudu a gidan kallo, shi a ke kira masanin ƙwallo.

Wasan Nijeriya da Ajantina na ran 26 ga Yuni, 2018, a ƙasar Rasha, ya nuna wannan a fili. Lokacin damina ne, mutane suka taso daga gona suka cika rumfuna, gama kwana huɗu kafin nan Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ci Aisilan biyu shi kaɗai. Bayan hutun rabin lokaci, Mascherano ya riƙe Leon Balogun a gaban raga, alƙali ya ba Nijeriya fenariti, Victor Moses ya ci, wasa ya zama 1 da 1. Mutanen Ajantina suka yi ta ƙorafi cewa riƙon bai kai ba, a nan kuwa aka ce alƙali adali ne. Can wajen ƙarshe, Marcos Rojo ya kai wa ƙwallo kai, ƙwallon ya zame ya bugi hannunsa. Alƙalin ya je ya duba hoto, ya ce ba da niyya ba ne, bai ba da fenariti ba. Rojo ɗin nan kuma shi ya ci na biyu a minti na 86, Nijeriya ta fita daga gasar. Nan take adalin ɗazu ya koma azzalumi. Alƙali ɗaya ne, Baturke, a wasa ɗaya. Ana iya gardama a kan hukuncinsa na biyu, kuma masana sun yi ta yi, amma wanda bai tuhumi na farko da irin wannan zafin ba, ba gaskiya ya ke nema ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan ba ya nufin alƙalai ba su kuskure. Suna yi, wani lokaci ma mai ciwo. A shekara ta 2000 Nijeriya da Gana suka karɓi gasar Kofin Afirka tare, har aka buga waɗansu wasanni a birnin Kano. A wasan ƙarshe a Ikko, Nijeriya da Kamaru suka tashi 2 da 2, aka je bugun fenariti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallon ya bugi ƙarfen sama ya dira bayan layi, ya fito. Alƙalin, mutumin Tunisiya, ya ce bai shiga ba. Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3, hoton talabijin kuwa ya nuna ƙwallon ya shiga. Wannan kuskure ne tabbas. Sai dai a tuna, alƙali sau ɗaya ya ke ganin abu, yana gudu, ta gefe ɗaya. Mai kallo kuwa yana zaune a kan benci, ana maimaita masa sau biyar a hankali. Ikpeba kansa a ranar ya ɗora hannu a ka, kamar wanda ya zubar.

Don a rage irin wannan ne aka kawo na'urar maimaita hoto da a ke kira VAR, wadda aka fara aiki da ita a Kofin Duniya a 2018. Aka zaci gardama ta ƙare, tun da gani ya kori ji. Ashe gani ba ya korar son kai. Ran 7 ga Fabrairu, 2024, a garin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa, Nijeriya tana gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya na fenariti, sai Victor Osimhen ya ƙara na biyu ana kusa da tashi. Ana cikin murna, alƙalin ya je ya duba hoto, ya soke cin, ya ba Afirka ta Kudu fenariti, domin tun a can farkon harin Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ya yi wa Percy Tau ƙeta a gaban ragar Nijeriya. Hoton bai ɓoye kome ba. Duk da haka, da wuya a sami wanda ya ce hukuncin daidai ne a lokacin da zuciya ta ke tafasa. Sai da Stanley Nwabali ya tare bugu biyu, Nijeriya ta wuce da 4 da 2, sa'an nan aka sami masu yarda. Gaskiyar da ba a karɓarta sai an yi nasara, ba don ita aka karɓe ta ba.

Akwai kuma inda ya kamata masu gardama su juya bakinsu, amma ba su cika yi ba. Doka ta ce a nuna wa mai faɗuwar ƙarya katin gargaɗi. Ta kuma ce ƙeta ƙeta ce, ko wanda aka yi wa ya faɗi ko bai faɗi ba. Amma sau da yawa a kan bugi ƙafar ɗan wasa, ya daure ya tsaya a kan ƙafarsa, alƙali ya kau da kai. Alƙalin da ba ya busa usur sai an faɗi, shi ne malamin masu faɗuwa. Wannan suka ce mai tushe, kuma ta fi zargin cin hanci da ba wanda ya ke da shaidarsa.

Mai karatu zai iya cewa, ai wasa ne, mene ne na damuwa? Abin damuwa yana bakin ƙofar rumfar, inda yara su ke leƙe ta ramin zana. Gobe da yamma su ne a filin makaranta, ba takalmi, ƙwallonsu ma na tsumma, amma sun iya birgima da dafe fuska. Faɗuwar ƙarya shaidar zur ce da a ke bayarwa da jiki. A ƙasar da gona ta ke manne da gona, inda tsire-tsiren iyaka da bakin dattawa su ke raba maƙwabta, zaman lafiya ya dogara ga mutumin da zai tsaya gaban dagaci ya ce, kunyar nan ta wane ce, ko da ɗan'uwansa ne zai rasa. Yaron da ya tashi yana jin ana yabon ƙaryar da ta amfani nasa, da wuya ya zama wannan mutum.

Ba a hana gardamar ƙwallo ba, ita ce gishirin kallo. Amma wanda zai yi ta, ya fara yi wa kansa tambaya guda kafin ya ɗaga murya: da riguna sun sauya, da ɗan Nijeriya ne ƙwallon ya bugi hannunsa, me zai ce? Idan amsarsa ba ta sauya ba, to, ya yi magana, a saurare shi. Idan kuwa ta sauya, ya koma gida ya duba mudunsa tukuna.