Masu Tuwon Bakin Titi a Damba

Tun kafin kiran assalatu matan da ke sayar da abinci a Damba sun hura wuta. Direban da ya taso daga Tsafe zai wuce Bungudu, da ɗan acaɓa, da lebura mai saurin shiga Gusau, duk a rumfarsu suke karya kumallo. Kaɗan ne ke tuna wahalar da aka sha. Tun jiya aka surfa dawa, aka kai niƙa, aka sayo itace duk da tsadarsa, aka daka kuka da daddawa. Tuƙa tuwo a babbar tukunya ba wasa ba ne, ga hayaƙi a ido. Ga kuma masu cin bashi: "Inna, yau babu, sai gobe." Takan zuba musu, har ta ƙara miya.