Tambaya Ma Sana'a Ce: Gwanayen Takardar Tambayoyi a Karkarar Kano

Wanda ya bi hanyar Ungogo zuwa Minjibir da damina zai ga gona ta haɗe da gona, babu saura, babu daji. Gero da dawa da wake suna kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa a tsakiya. Yadda ƙasa ƙanƙanuwa take ciyar da jama'a mai yawa haka, shekara da shekaru ba ta gaji ba, shi ya daɗe yana jawo masana zuwa wannan yanki. Kuma yawancin abin da suka gano, da takardar tambayoyi da fatar bakin wani ɗan gari suka gano shi.

Mutane suna ɗauka aikin ba wuya: a karanta tambaya, a cike gurbi. To, gwada tambayar magidanci, "Mutum nawa ne a gidanka?" Gida ɗaya yana iya ɗauke da uba da 'ya'yansa masu aure da ƙannensa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a 1971 zuwa 1972, ta tarar da gidan da mutanensa suka haura 100. Saboda haka gwani ba ya tambayar gida, tukunya yake tambaya: su wa ke ci daga tukunya ɗaya? Daga nan sai ya bi gandu, ya ware gayauna, don kada ya rubuta amfanin ɗa a lissafin uba.

Haka batun awo. Manomi bai san gonarsa da hekta ba, amma ya san dami nawa ta ba shi bara, ya san mangala nawa ta taki ya zuba mata. Mai tambaya na ƙwarai yana karɓar amsa da dami da tiya da mangala, daga baya ya auna damin garin, domin na wani gari ya fi na wani. Girman gona kuwa, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙasar Ungogo a shekarun 1960 kuma ya koyar a Jami'ar Bayero, ya haɗa tambaya da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Baki ya faɗi mai gona da yadda ya same ta, ko gado, ko saye, ko aro, ko jingina. Hoto ya nuna iyakarta.

Shekarun haihuwa ma da dabararsu. Dattijo zai ce bai riƙe ba. Sai a ce, "Baba, lokacin da aka kashe Sardauna kana da aure?" Wannan 1966 ke nan. Idan ya ce an haifi ɗansa shekarar da naira ta fito, an sami 1973. Idan ya ce bayan rikicin Maitatsine ne, an san daga ƙarshen 1980 za a lissafa.

Sai kuma alkunya, wadda babu gurbinta a takarda amma ita ke mulkin amsa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa kan yi kawaici game da ɗan fari. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka duk takardar da ba ta tanadi mata masu tambaya ba, ta rasa rabin labarin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awaki da tumaki, adashi, da tallan da yara ke kai wa. Ga kuma tsohon tsoro. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, amma har yau baƙo mai ƙirga shanu yana sa gaban mutum ya faɗi. A gefe guda, wanda ya zaci tallafi ne ke tafe zai rage damunansa, ya ƙara bakunan da yake ciyarwa. Shi ya sa gwani yake fara gaida dagaci da mai unguwa da liman, ya faɗi gaskiya cewa ba haraji ya kawo ba, ba kuma taki ba. Yakan zo da yamma bayan an taso daga gona, ya ajiye tambayar bashi da sayar da gona sai hira ta yi nisa.

Babban sirrin shi ne dawowa. Babu wanda zai tuna ranakun da ya yi noman farko wata shida da suka wuce. David Norman da ma'aikatansa na Samaru sun gane haka, suka riƙa ziyartar manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau sau biyu a mako a 1966 zuwa 1967. Lissafinsu ya nuna cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon rashin wayewa, dabara ce mai riba da rage asara. A shekarun 1990, Mortimore da William Adams sun bi aikin gona daki-daki a ƙauyuka huɗu, ciki har da Tumbau ta ƙasar Kano, suka nuna yadda yawan hannu da takin dabbobi ke riƙe da ƙarfin ƙasa.

Polly Hill ta soki alƙaluman da ake tarawa a gurguje ba tare da sanin ƙauye ba, kuma tana da gaskiya. Takardar da aka tsara a ofis, aka cike ta a gindin bishiya ba a ga manomi ba, ƙarya ce mai lamba. Ɗalibin da zai fita bincike bana, ya fara gwada tambayoyinsa a kan magidanta biyar da matan aure biyar. Duk tambayar da ta sa aka yi dariya ko aka yi shiru, ya koma ya gyara ta kafin ya buga sauran.