Ayarin Goro da Sunayen da Suka Faɗi a Hanya

Tambayi dattijo a Kano ko Katsina asalin gidansu, sau da yawa amsar ba ta wuce jimla ɗaya: "Kakanmu falke ne, Gwanja yake zuwa." Daga nan labari ya ƙare. Yaushe ya yi tafiyar, me ya ɗauka, wa ya ba shi jari, babu mai iya faɗa maka. Ga wanda ke son wuce wannan jimla, ban ga littafin da ya kai Caravans of Kola na Paul Lovejoy amfani ba, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a Zariya a 1980. Littafi ne kan fataucin goro tsakanin 1700 da 1900, kuma ƙashin bayansa hirarraki ne da marubucin ya yi da tsofaffin fatake da 'ya'yansu wajajen 1969 da 1970, lokacin da akwai sauran waɗanda suka ga ayari da idonsu.

Kada ka buɗe shi da zaton za ka ci karo da sunan kakanka. Abin da zai ba ka shi ne duniyar da kakan ya rayu a ciki. Goron daga dazukan Asante yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga, fatake su saye shi da kanwa da tufafi da kayan fata. Ayari ɗaya kan kai mutum dubu ko fiye, ga jakuna, madugu ke shugabanta, jagaba na gaba, a yi watanni a hanya ana biyan fito da kuɗin wucewa gari bayan gari. A kowane zango akwai maigida mai saukar baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki.

Amfanin wannan ga mai bin salsala shi ne yana ba ka shekaru da za ka rataya labarin gida a kansu. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, abin da ya girgiza hanyar goro. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Saboda haka idan a gidanku ana cewa kaka Salaga yake sauka da jakuna, ka san zamaninsa. Idan kuwa ana cewa ta Ikko yake bi ya hau jirgin ruwa zuwa Ankara, to ɗan baya ne, ko da an haɗa su wuri ɗaya a baki. Wannan haɗawar ita ce babbar cutar tarihin gida: Abdullahi uku, kaka da ɗa da jika, su narke su zama mutum ɗaya da ya yi shekara ɗari yana fatauci. Mu masu rubuta manhaja mun san suna kaɗai ba ya bambance mutum a rumbun bayanai, sai an haɗa shi da wuri da lokaci.

Inda littafin ya fi ƙarfi kuma shi ne inda ya fi sosa rai. Lovejoy ya nuna ƙungiyoyi uku ne suka riƙe cinikin: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Na ukun daga Barno suka taso. Biyun farko kuwa ya danganta asalinsu da Bugaje, wato mutanen da ke ƙarƙashin Abzinawa, waɗanda suka gangaro kudu suka zauna a ƙasar Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka yi arziki. Ba kowane gida ke son jin wannan ba. 'Yan littattafan tarihin attajirai da ake ƙaddamarwa a ɗakunan taro, ana yayyafa kuɗi, sun fi son kaka ya fito daga Gabas ko gidan sarauta. Ni a ganina labarin Lovejoy ya fi girmama mutanen. Wanda ya taso ba shi da komai ya gina hanyar ciniki daga Kano har Gwanja ya fi wanda aka ƙaga wa rawani abin alfahari.

To amma akwai inda littafin ya gaza, kuma gidan da ya fi kowane shahara a Agalawa ya isa misali. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Ana iya jero mazan gidan daga kakansa har zuwa 'ya'yansa Sanusi da Aminu. Amma sunan da duniya ta san gidan da shi na mace ne: Tata, baiwar da ta rene shi bayan mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara. Mace ɗaya ta ba shi suna, ɗaya ta riga shi zuwa bakin teku inda daga baya ya yi cinikin goro. Littafin da aka gina kan madugai da iyayen gida ba shi da wurin ajiye irin waɗannan mata sai a gefe. Marubucin maza ya fi tambaya, su kuma maza suka lissafa masa maza. Haka 'yan alaro da bayin da suka ɗauki kayan a ka: ana ƙirga su, ba a kiran sunansu.

Wanda ke neman waɗannan sai ya koma wani wuri. Kundin shari'a ya fi littafin ciniki riƙe sunan mace da bawa, don rabon gado da bashi ba sa tsallake kowa. Thus Ruled Emir Abbas, wanda Allan Christelow ya fitar a 1994 daga shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya nuna irin abin da ke kwance a waɗannan takardu. Akwai kuma rahotannin haraji na Turawa a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai dai ka shirya ganin sunan ƙauyenku a rubuce iri uku, kowane jami'i da yadda kunnensa ya ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. Dattawan nan da Hausa suka ba da labarinsu, da kirarin madugai da sunayen zanguna yadda bakinsu ya saba. Littafin ya fito da Turancin jami'a, cike da jadawali, a shago kuma da wuya ka same shi yau. Jikokin waɗanda aka yi hirar da su suna nan a Kurmi da Kantin Kwari, wasunsu har yanzu goro suke sayarwa, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin an karanta musu abin da kakanninsu suka faɗa ba.