Gurbin Ajuruma a Karatun Zaure

Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilimi a Kano, Zariya ko Damagaram, ba da nahawu malam yake tarbarsa ba. Da Ƙawa'idi zai fara, sai Ahalari, sai Ishmawi, Iziyya da Risala, a gefe kuma ana ja masa Ishiriniya. Yana karanto kalma, malam yana fassara masa da Hausa, har a kwashe shekaru a haka. Sai kunnensa ya cika da Larabci sannan ake buɗe masa Ajuruma. Masu sukar karatun zaure suna kiran wannan ɓata lokaci. A ganina kuwa, a nan ƙarfin tsarin yake.

Ajuruma ƙaramin littafi ne da Ibn Ajurrum, malamin birnin Fas na Maroko wanda ya rasu a 1323, ya wallafa. Mai sauri zai karance ta a zama ɗaya. Ta kasa magana gida uku, suna da fi'ili da harafi, ta bayyana halaye huɗu da ƙarshen kalma yake shiga, sannan ta jero marfu'ai 7, mansubai 15 da mahfudai 3. Misalanta ba yawa, galibi a kan Zaidu da Amru suke yawo, kuma ba ta ba ɗalibi aikin da zai gwada kansa. Littafi irin wannan ba ya koya wa mutum harshen da bai taɓa ji ba. Aikinsa shi ne ya bayyana masa dalilin abin da ya daɗe yana ji. Wanda ya ratsa Risala ya sha cin karo da kalmar uba tana zuwa abu a nan, aba a can, abi a gaba, yana bin malam ba tare da ya san sababi ba. Ranar da aka kai shi babin sunaye biyar, ba sabon abu aka ɗora masa ba. Tambayar da ta daɗe a ransa aka amsa, shi ya sa ba ya mantawa.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗi a Ida'un Nusukh cewa a hannun wansa Shehu Usmanu ya karanta Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada, kuma a wurinsa dai ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya. Ƙa'ida da nassi tare suka tafi. Wannan ɗalibi ne daga baya ya nazamce nahawu a Bahrul Muhiɗ, ya nazamce sarfu a Hisnur Rasin. Matakalar da ya hau tana nan har yau, kuma a samanta Alfiyya ta Ibn Malik take, mai baiti kusan 1,000, wadda aka fi karantawa da sharhin Ibn Aƙil.

Bahaushe yana shiga nahawu da ɗan jarinsa. Harshensa ya riga ya raba namiji da mace, ya san kai da ke, ya kuma saba da jam'in da ke farfasa kalma, irin su birni da birane. Inda yake shan wuya shi ne musanna, domin Hausa daga ɗaya sai jam'i, da kuma canzawar wasalin ƙarshe bisa i'irabi, wadda babu irinta a Hausa. Wannan na biyun kuwa shi ne kusan dukan abin da Ajuruma take magana a kai.

Zaure yana da nasa rauni, bai kamata a ɓoye ba. Sau da yawa za ka samu wanda zai yi maka i'irabin baiti mai sarƙaƙiya ba gargada, amma ka ce ya rubuta wasiƙa mai layi biyar sai gumi ya karyo masa, don an horar da shi a kan karantawa ne, ba a kan ƙirƙirar jimla ba. Littattafan zamani irin su Nahwul Wadih na Aliyul Jarim da Mustafa Amin daga Masar sun zo da maganin wannan: misali tukuna, sai ƙa'ida, sai aikin yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu makarantun Islamiyya suka ɗauki littafin zaure suka bar tsarin zaure. Ana sa yaro ƙarami haddar Ajuruma alhali bai mallaki kalmomin Larabci da za a ɗora ƙa'idar a kansu ba. Ya rera ta ranar walima, iyaye su yi murna, bayan shekara ɗaya ya kasa nuna fa'ili a jimla mai kalma uku, ya tashi da tsoron nahawu.

Malaman Islamiyya, yaron nan yana da izu biyu ko uku a kansa. Ku fara fassara masa gajerun surorin da ya haddace kalma-kalma, ku sa shi ya nemo suna da fi'ili a cikinsu, ya ƙirƙiri jimlolinsa da bakinsa da alƙalaminsa. Idan ya fara tambayar me ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha, to lokacin Ajuruma ya yi.