Jinjina ga Modibban Garwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani modibbo a Garwa bayan sallar la'asar, inda iskar Binuwai ke kaɗa takardun da aka rubuta da tawada da alƙalamin kara, ya san cewa waɗannan bayin Allah ba nahawu da fiƙihu kaɗai suke karantarwa ba, har da ladabin riƙon jama'a, wanda suka gada tun zamanin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu a 1809, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847, alhali sunan malanta ne ya bi shi har kabari, ba na sarauta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sukan ɗauko nasihohin Abdullahi ɗan Fodiyo cikin Liya'ul Hukkami, waɗanda Larabcinsu kan yi wa almajiri nauyi, su sauke su cikin Fillanci da Hausa, su ɗaure su da kalmomi uku na pulaku, ɗabi'ar Fulani: munyal, wato haƙuri, semteende, wato kunya, da hakkiilo, wato hankali. In ɗan sarki ya zo da girman kai, sai malam ya ce masa hali zanen dutse ne, ya miƙa masa allo, ya zaunar da shi a kan buzu ɗaya da ɗan talaka.

Jamusawa sun shigo Garwa a 1901, Faransawa suka biyo baya da makarantunsu, amma ba a rufe zaurukan ba.