4.3 Tarken Shirin Koyarwa ta Rediyo a Lokacin Annobar Korona

A watan Maris na shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda annobar korona. Daga nan sai jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma gabatar da darussa ta rediyo da talabijin. Babu shakka zaɓen rediyo ya dace, domin kuwa ita ce kafar da ta fi shiga gidajen Hausawa, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki ko kuɗin intanet.

Sai dai kuma idan aka yi nazari, za a ga shirin yana da babban rauni. Malamin rediyo ba ya duba littafin yaro, balle ya gyara masa kuskure. Saboda haka wannan nauyi ya koma kan iyaye, musamman mata, waɗanda da yawansu ba su yi karatun boko ba. Haka kuma dokar kulle ta tsayar da sana'o'i, ta yadda magidancin da ke fafutukar abin sawa a bakin salati ba zai fifita sayen batir a kan awo ba.

Illar wannan ta fito fili da aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe makarantu ranar 4 ga Agusta, aka kuma fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan. Ɗan da ya sami mai bita a gida da wanda bai samu ba, tambayoyi iri ɗaya suka amsa. Ke nan shirin ya isar da murya gidaje, amma bai maye gurbin malami ba.